Farautar agwagin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru: abin da na koya

Duk mai son fara farautar agwagin ruwa, tambayar da yake fara yi mini ita ce wace bindiga zai nema. Shekarun da na yi ina bin fadamun da ke tsakanin Haɗeja, Guri, Nguru da Gashuwa sun nuna mini cewa bindiga ce ta ƙarshe a lissafi. Ni dai kwana uku nake yi ina neman wuri, in yi harbi kwana ɗaya, kuma duk sanda na rage kwanakin neman sai na ga a jakata.

Kafin komai, a san tsuntsun. Ta farko ita ce kirinjijiya, mai farar fuska da dogon wuya, wadda kukanta ke fita kamar fito sau uku a jere. Ita 'yar gida ce, yawanci da dare take kiwo, da rana ta taru a gaɓa tana hutawa. Akwai dinya, babbar cikinsu, wadda namijinta kan haura kilo 5, mai ƙaho a gwiwar fiffike. Sai baƙi da ke zuwa daga Turai da Rasha wajen Oktoba da Nuwamba, su koma wajen Maris: wata ƙarama mai saurin tashi, wadda namijinta ke fitar da farin zane a saman ido dab da tafiya, da wata mai siririn wuya da tsinin wutsiya. Lokacin farauta a wurina daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Da damina ba na ɗaga bindiga, domin kirinjijiya da dinya na kan ƙwai, in ka kashe uwa ka kashe sheƙa guda.

Akwai wuraren da ba a taɓawa sam. Tafkin Dagona a jihar Yobe yana cikin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi, Baturiya kuma a jihar Jigawa keɓaɓɓen gandu ne, dukkansu an sa su a 2008 cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci a duniya da aka amince a kare. Nan tsuntsu ke samun sukuni, kuma da yawa daga cikin waɗanda muke samu a waje daga can suke fitowa kiwo. Ma'aikatan gandu su ne za su nuna maka iyaka. Takardar izinin farauta kuwa a sashen gandun daji na jiha ake tambaya, lasisin bindiga a wurin 'yan sanda, kuma a tabbatar da halin da ake ciki kafin a kashe kuɗi, domin akan dakatar da bayarwa. A yankin da tsaro ke da wuya, ba na shiga ƙauye da bindiga ba tare da na gaida bulama ko mai unguwa da sarkin baka ba.

Agwagwa na da wuri uku: makwanci, wurin kiwo, da hanyar da take bi tsakaninsu. Makwanci yakan zama ruwa mai faɗi, a fili, ko tudun yashi a tsakiyar ruwa inda ba abin da zai matso ba ta gani ba. Wurin kiwo ruwa ne maras zurfi, daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa, santimita 10 zuwa 30, domin yawancinsu kai suke tsomawa su ɗaga gindi, ba sa nutsewa can ƙasa. Gonar shinkafa da aka girbe ruwa bai gama janyewa ba, da gefen tafki mai bado da ciyawa mai 'ya'ya, su ne na fi dubawa. Alamomin da nake nema: gashi da iska ta tara a gaɓa, kashi sabo a kan laka, sawun ƙafa, tsiron da aka tumɓuke yana yawo, da ruwan da ya gurɓace da sassafe alhali ba shanun da suka shiga. Gashin da ya dafe ya yi ƙura tsohon labari ne.

Idan na ga alama, sai in dawo bayan la'asar ba bindiga, in zauna nesa har magariba, in lura daga ina garke ke ɓullowa, ta kan wace bishiya yake wucewa, ina yake sauka, ƙarfe nawa. Washegari da asuba in duba komawarsu. In sun bi hanya ɗaya kwana biyu a jere, na samu wuri. A kan hanyar nan nake zama, ko a gefen wurin kiwo. Makwanci ba na harbi a cikinsa. Harbi biyu ko uku a makwanci ya isa garken duka ya ƙaura, kai ka rasa, duk maharban yankin su rasa, alhali hanya za ka iya komawa kanta sau ɗaya a mako har ƙarshen lokaci.

Masunta, manoman shinkafa da Fulani makiyaya sun fi ni sanin inda ruwa yake bana, kuma manomin da agwagi suka dama a gonarsa da kansa zai kai ka. Wannan tambaya dole ce duk shekara. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun nan ta canja, kacalla kuma, wata doguwar ciyawar ruwa, ta toshe magudanai da yawa. Inda ka samu tsuntsu bara, bana ka iya tarar da busasshiyar laka ko dajin kacalla. Agwagwa ba ta sauka cikin kacalla mai kauri, kuma wadda ka harbo ta faɗa ciki da wuya ka same ta.

Agwagwa tana sauka ne tana fuskantar iska, don haka iska ta riƙa bugun bayanka. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, sai ka zauna a gaɓar arewa maso gabas kana kallon kudu maso yamma. Da safe wannan zama ya fi kowane, rana na bayanka tana haska tsuntsu. Da yamma kuwa rana na cikin idonka, sai ka ɗan karkata gefe. Maɓoya da ciyawar wurin ake yin ta, tsayin kafaɗar mai zaune, kuma a yi ta tun jiya. Farar hula, agogo mai ƙyalli da ɗaga fuska sama sun fi komai korar garke. Tufafi launin ƙasa, kai a sunkuye, ido kawai ke bin su har su shigo.

Bindigar da nake riƙewa mai lamba 12 ce a awon faɗin bututu, da harsashi mai ɗauke da ƙwayoyi gram 28 zuwa 32, ƙwaya lamba 4 ko 5 don kirinjijiya da ƙananan baƙi. Dinya sai ƙwaya babba, lamba 1 ko BB, domin ƙanana a gashinta suke tsayawa. Kafin fita, kafa takarda mai faɗin mita ɗaya a nisan mita 30, zana da'ira mai faɗin santimita 75, ka harba, ka ga inda ƙwayoyin suka taru. Bindigogi da yawa suna kai su sama ko gefe, mai su bai sani ba. A wurin zama ina kafa kara a taku 35. Abin da ya wuce kara ba nawa ba ne. Harbin nesa raunata tsuntsu yake yi, ya je ya mutu a banza.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne harbin inda tsuntsu yake. Agwagwar da ke gitta gabanka a mita 30 takan ci mita ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ƙwaya ta isa. Biyo ta da bakin bindiga daga baya, wuce kanta, danna kunama hannu na ci gaba da tafiya. Da ka tsayar da hannu, bayanta ka harba. Kuskure na biyu shi ne harbi cikin tsakiyar garke. Ido na ganin kamar sun cunkushe, amma tsakaninsu fili ne. Zaɓi guda ɗaya, ta gefe ko ta baya.

Masu bindigar toka su kiyayi raɓar asuba da ke jiƙa albarushi, su kuma daina ƙara awo don neman nisa, nan bututu ke fashewa. Kowace irin bindiga ce, in bakinta ya taɓa laka, a cire harsashi a duba ciki, domin laka ɗan yatsa ɗaya ta isa ta fasa ta a hannu. A kwale-kwale bindiga ba harsashi take tafiya. Ba na harbin tsuntsun da ke zaune kan ruwa ko mai tashi ƙasa-ƙasa: ƙwaya na dukan ruwa ta yi tsalle, kuma da asuba akwai masunci kwance kan gorarsa a bayan ciyawar da ba ka gani.

Ina yin bismillah a kan kowane harbi, ina kuma riƙe wuƙa mai kaifi don yanka wadda ta faɗo da rai. In tsuntsu ya faɗi, kafe ido a wurin, riƙe wata alama a bayansa, ka je nan take, kada ka jira na biyu. Kirinjijiya mai rauni nutsewa take ta shige ciyawa. Dinya mai rauni a dafe fikafikanta ta baya, ƙahon nan yana tsaga hannu. A cire kayan ciki kafin rana ta ɗaga, a rataye a inuwa, kada a cusa a leda.

Tsuntsun da ka tarar matacce, ko wanda ya kasa tashi ba kai ka harbe shi ba, kada ka taɓa. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 kuma tana dawowa, akwai kuma masu zuba hatsi mai guba, aikin da nake ƙi har zuciyata, domin yana kashe duk mai fiffike ya kuma kai guba cikin tukunyar mutane. Ruwan kwance na fadamun nan yana ɗauke da tsargiya, ga matsattsaku, shi ya sa nake sa dogon takalmin roba har gwiwa. Wanda ya ga jini a fitsari bayan ya sha shiga ruwa, ya je asibiti, maganinta na nan. Kafin dahuwa kuma a bi ramukan harbi da tsinin wuƙa a ciro ƙwayoyin darma, a yanke naman da ya taru da jini a zubar, musamman in yara za su ci.