Godiya Bayan Na Kare Kundina Kan Joseph Nye

Alhamdulillahi. Jiya na tsaya gaban malamai na kare kundin digirina na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, kuma sun amince da shi. Shekara uku ina tare da rubuce-rubucen masanin siyasar nan na Amurka, Farfesa Joseph Nye, ga shi yau Allah ya nufa na sauke wannan kaya.

Godiya ta farko ga malamin da ya duba aikina. Ranka ya daɗe, ba zan manta ranar da ka mayar mini da babi na biyu ba. Na zo maka da abin da kowa ya sani: cewa Nye ne ya fito da batun ƙarfin jan zuciya a littafinsa na 1990, wato ƙasa ta sa wasu su so abin da take so saboda al'adunta da manufofinta, ba tare da bindiga ko kuɗi ba. Ka ce in koma tushe. Da na koma sai na tarar da Nye tun yana saurayi: ya gama jami'ar Princeton a 1958, ya wuce jami'ar Oxford, sannan ya je ya zauna a Yuganda yana binciken yunƙurin haɗa Kenya, Yuganda da Tanganyika (wadda yanzu ke cikin Tanzaniya) su zama tarayya guda. Da wannan bincike ya sami digirinsa na uku a jami'ar Harvard a 1964, ya fara koyarwa a can a shekarar, ya kuma mayar da shi littafi a 1965. Ashe a Afirka ya fara tambayar me ke haɗa ƙasashe, me kuma ke wargaza su. Tun da na gane haka, aikin da suka yi da wani masanin siyasa, Robert Keohane, a 1977 kan yadda ƙasashe ke dogaro da juna ya buɗe mini sarai. Allah ya ƙara maka girma, Malam.

Ina cikin babi na huɗu, inda nake bin shigarsa gwamnatocin shugabannin Amurka Carter da Clinton da komowarsa shugabancin makarantar Kennedy ta nazarin mulki a Harvard daga 1995 zuwa 2004, sai labari ya iso cewa ya mutu ranar 6 ga Mayu, 2025, yana da shekara 88. Ban taɓa ganinsa ba, amma wallahi na ji abin a raina.

Abokan karatuna da suka riƙa turo mini littattafai, da yayana da ya ba ni aron kwamfutarsa wata biyar lokacin da tawa ta lalace, Allah ya saka muku da alheri. Uwargida, kin yi haƙuri da dare da yawa da fitila ba ta mutu ba.

Inna, addu'arki ce ta kawo ni nan. Ranar Juma'a in Allah ya yarda zan kawo miki kundin ki riƙe shi da hannunki.