Lissafin kuturtar gyaɗa: yau dai layin ya lanƙwasa

Jama'a ku taya ni murna, modal ɗina na kuturtar gyaɗa, wato lissafin kwamfuta mai kwaikwayon yadda cutar ke yaɗuwa, ya daina cinye gona gaba ɗaya cikin sati uku.

Waɗanda muke tare tun farko kun san yadda abin ya addabe ni. Tsarin da kowa ke farawa da shi, shuka mai lafiya, shuka mai ciwo, darɓa (ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan shuka suna yaɗa cutar) mai ɗauke da cuta da wadda ba ta ɗauke, shi na ɗora, amma duk lambar da na sa, R0 (yawan shukar da mai ciwo ɗaya ke harba wa) sai ya haura sama kamar farashin taki, gonar ta mutu ƙurmus. To ai ko a annobar 1975 da ta lalata wajen hekta 700,000 a arewacin Najeriya ba haka kowace shekara take ba, yawancin damina ciwon tsalli-tsalli yake fitowa.

Matsalar tana cikin cutar kanta. Abu uku ne suka haɗu: ƙwayar cutar bairos mai suna GRV, da ɗan RNA ɗin (guntun ƙwayar gado) da ke raɓe da shi wanda shi ne ke kawo alamun ciwon, sai kuma wani bairos ɗin, GRAV, wanda shi kaɗai ba ya nuna komai a ganye amma rigarsa, wato ɓawon da ya lulluɓe shi, ita ce sauran ke ara kafin darɓa ta iya ɗaukarsu. Kenan shukar da ta kamu da GRV babu GRAV za ta tsumbure ta ƙi 'ya'ya amma ba ta ba kowa, ciwon a kanta ya tsaya. Kuma darɓa ɗaya da ta kwaso duka ukun ba lallai ta sauke su tare ba. Da na raba shukar gida huɗu, mai lafiya, mai GRAV kaɗai, mai GRV da ɗan RNA ɗinsa kaɗai, mai duka, na ce na ƙarshen ne kawai ke yaɗa cikakken ciwo, wallahi sai ga layin jadawalin yaɗuwar ciwon ya hau a hankali ya kwanta. Na yi ihu har ƙanwata ta leƙo.

Sai kuma lambobi suka fara shiga ƙasa da sifili, darɓa ragi goma sha wani abu, saboda ƙwarin suna hayayyafa cikin kwanaki ita kuwa gyaɗa sai watanni. Na bar Euler, hanyar warware lissafin mafi sauƙi, na koma solve_ivp na Python da hanyar LSODA mai daidaita takunta da kanta, shike nan.

Abin da ya rage shi ne tazarar shuka. An san shuka da wuri kuma a cike tana rage saukar darɓa, na sa yawan saukarsu ya ragu idan ganye ya rufe ƙasa amma siffar lissafin ba ta gamsar da ni ba. Irin gyaɗa su SAMNUT 21 zuwa 23 na cibiyar binciken noma ta Samaru ma ina so in shigar, don suna jure GRV amma GRAV na shigarsu. Wanda ya taɓa gwada wannan don Allah ya nuna min yadda ya rubuta nasa.