Shekara 25 ana rawa a kan yashi

Toubab Dialaw, Senegal, 2023

Yau muka taru domin murnar cikar École des Sables shekara 25, wato makarantar rawar zamani da shahararriyar mai rawa Germaine Acogny da mijinta Helmut Vogt suka kafa a wannan ƙauye na masunta da ke bakin teku, kimanin kilomita 50 kudu da Dakar. Ana ƙirga shekarun ne daga 1998, lokacin da aka tara rukunin farko na masu rawa daga ƙasashen Afirka daban-daban domin ba su horo, ko da yake sai a 2004 aka buɗe gine-ginen makarantar a hukumance. Tun jiya da yamma tsofaffin ɗalibai suke ta isowa, wasu har da furfura, wasu da 'ya'yansu a hannu.

Da darasi aka buɗe ranar, ba da jawabi ba, kuma hakan ya yi mini daidai. Bayan karin kumallo muka shiga filin da ake kira Aloopho, wanda aka raɗa wa sunan kakar Germaine, babbar rumfa ce mai buɗaɗɗun gefuna wadda ƙasanta yashi ne zalla. Wanda bai taɓa rawa a cikin yashi ba zai ɗauka taushinsa sauƙi ne, alhali duk takun da mutum ya yi sai ƙafarsa ta nutse, duk tsallen da ya yi niyya sai yashin ya cinye rabin ƙarfinsa, ta yadda kafin a gama motsa jiki sharaɓa ta fara zafi, gumi kuma ya haɗu da ƙura ya yi wa kowa zane a wuya. Makaɗa suna zaune a gefe da gangunan sabar, waɗanda ake bugawa da tafin hannu ɗaya da siririyar sanda a ɗayan. Malamar da ta ja darasin ta zo ta bayana, ta ɗora yatsu biyu a tsakanin kafaɗuna ba tare da ta ce uffan ba, sai na ji inda na ƙage, na saki, motsin ya gangara ta gadon baya har ƙugu. A nan dabarar Acogny take, domin ƙashin baya ne tushenta, kuma an ɗauko sunayen wasu motsin daga abin da ido ke gani a daji, kamar kuka da rimi da bado. Ɗan ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon bayani idan aka ce masa ya tsaya tsayuwar kuka.

Da hantsi aka zauna a inuwa aka yi ta tuna baya, kuma a wannan zama ne na gane abin da ake yi wa murna a zahiri. Kowa ya san manyan nasarorin. An ambaci lambar Zakin Zinariya da aka ba Germaine a Venice ta Italiya a 2021, an kuma ambaci yadda masu rawa fiye da 30 daga ƙasashen Afirka 14 suka koyi shahararriyar rawar bazara da Bajamushiya Pina Bausch ta tsara a 1975, sai annobar korona ta hana a nuna ta a 2020, suka fita bakin tekun nan suka yi ta a kan rairayi aka ɗauka a bidiyo, kafin daga baya su zaga duniya da ita. An tafa wa wannan duka, amma inda mutane suka yi tsit shi ne lokacin da wani dattijo ya kawo zancen Mudra Afrique, makarantar da shugaban Senegal na lokacin Léopold Sédar Senghor da mai tsara rawa ɗan Faransa Maurice Béjart suka kafa a Dakar a 1977, Germaine tana shugabantarta. Makaranta ce da ta samu goyon bayan shugaban ƙasa, amma Senghor ya sauka daga mulki a ƙarshen 1980, kuma zuwa 1982 an rufe ta. Shekara biyar kacal ta yi. Matar da ta ga wannan da idonta ta koma Turai, ta yi aiki a Beljiyam da Faransa, sannan ta dawo gida a 1995 ta sake gini daga tushe, a wurin da ba kowa sai duwatsu da ƙaya. A ganina, abin da ya fi kowace lambar yabo nauyi shi ne wannan karon ginin ya ninka na farko sau biyar a tsawon rai, har ma ta iya miƙa ragamar fasahar makarantar ga matasa biyu, Alesandra Seutin da Wesley Ruzibiza, tun tana da ranta da lafiyarta. Bana shekararta 79, kuma babu wanda na ji ya kira ta da wani suna ban da Maman Germaine.

An ci shinkafa da kifi a manyan faranti, aka bi da zoɓo da shayi. Ina cikin wanke hannu yayana ya kira daga gida, na gaya masa abin da ake ciki, sai ya yi dariya ya ce, "To ƙanena, ashe rawa ma sai an shiga aji?" Na ce, "Yaya, har da jarrabawa." Ban ji haushi ba, domin a inda muka taso mai rawa ana kallonsa ne a bikin aure ko ranar sallah a yi masa liƙi a watse, ba a cika ɗaukar abin a matsayin ilimin da ake zama a koya ba, duk da cewa wanda ya taɓa gwada takun 'yan koroso ya san ba a wayi gari an iya shi ba.

Zaman yamma bai yi daɗin na safe ba, amma shi ne ya fi amfani. An yi maganar kuɗi ba ɓoye-ɓoye, cewa makarantar ta daɗe tana dogaro da tallafin gidauniyoyin ƙasashen waje, kuma duk lokacin da wani tallafi ya ƙare sai a shiga zulumi. Wata mai rawa daga tsakiyar Afirka ta ce abin da ke hana yara zuwa ba ƙarancin hazaƙa ba ne, kuɗin jirgi ne, tunda tafiya daga wata ƙasar Afirka zuwa wata takan fi zuwa Turai tsada. Sannan ga babbar tashar jiragen ruwa ta Ndayane da ake ginawa dab da nan, wadda Shugaba Macky Sall ya aza harsashinta a watan Janairun 2022. Masuntan garin suna fargabar abin da za ta yi wa kamun kifinsu, mutanen makaranta kuma suna fargabar ƙarar manyan motoci da ƙura a wurin da aka zaɓa tun farko saboda natsuwarsa. Babu wanda ya kawo mafita, kuma na fi son haka a kan a rufe taro da alkawuran da ba za a cika ba.

Bayan magariba aka buɗe fili, matan gari suka zo da adonsu suka kewaye makaɗa. A nan ƙwararrun da suka taka manyan dandamalin Turai suka koma 'yan kallo, domin wata tsohuwa ta kama bakin zanenta ta shiga tsakiya, ta yi tsalle uku ko huɗu daidai da bugun sanda, ta tsaya cak a kan bugu na ƙarshe ta koma wurinta, filin ya ɗauki guɗa. Ni ma an tura ni ciki, na yi abin da zan iya na fito.

Kafin mu watse, mu kaɗan daga cikin tsofaffin ɗalibai muka amince a tsakaninmu cewa kowa zai riƙa ajiye wani abu daga kuɗin wasanninsa, domin a biya wa matashi ɗaya kuɗin mota ko na jirgi zuwa horo na gaba. An zagaya da takarda na rubuta sunana, kuma ni aka ɗora wa aikin binciko nawa tafiyar mota take ci daga Yamai zuwa Dakar ta Bamako, in turo musu kafin ƙarshen wata.