Amonait: abin da kwanson dutse ke koya wa mai karatu a Katsina

Darasi na farko da ɗalibin ilimin duwatsu a Katsina ya kamata ya haɗiye shi ne, ba zai tsinci amonait a bayan gidansu ba. Yawancin ƙasar jihar nan tsohon dutse ne irin fā da tsaunukan Dutsin-Ma, wanda ya daskare tun kafin a yi wata dabba mai kwanso. Yashi da tsakuwar da ke arewa, wajen Kaita da Daura, koguna da tafkuna ne suka shimfiɗa su. Amonait kuwa ɗan teku ne mai naɗaɗɗen kwanso wanda ya ƙare tuntuni, bai taɓa zama a ruwan daɗi ba. Mai son ganinsa a Najeriya sai ya nufi inda teku ta taɓa kwanciya, kamar ramin haƙar dutsen siminti na Ashaka a Gombe, inda ake samun irin da ake kira Vascoceras, mai dunƙulallen jiki, ɗan wajen shekara miliyan 94, lokacin da wani hannun teku ya ratsa Sahara. A yankin Sakkwato ma akwai irin da ake kira Libycoceras a shimfiɗar duwatsun Dukamaje.

Wanda ya fara ganinsa zai ce katantanwa ce ta zama dutse. Nan kuskuren yake farawa. Katantanwar dodon koɗi ɗaki ɗaya ce tun daga baki har tsini, kuma tana murɗewa ta yi sama, shi ya sa yara ke kaɗa ta ta yi juyi. Amonait yana naɗewa ne a kwance kamar gammo ko ƙahon rago, kuma daga ƙahon ya samo suna, don Rumawa sun kamanta shi da ƙahon Amun, gunkin mutanen Masar na dā. Cikinsa ɗakuna ne a jere, kowane da bangonsa. Dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe, mafi girma. In ta ƙara jiki sai ta matsa gaba ta gina sabon bango a bayanta. Wani siririn bututu ya ratsa ɗakunan duka yana tsotse ruwan da ke cikinsu, iska ta maye gurbi. Wanda ya ga masunci a kan gora a dam ɗin Zobe ya gane dabarar: ɗakunan nan su ne gorarsa, su ke hana shi nutsewa.

Bangayen nan su ne littafin da ake karantawa. Inda kowane bango ya haɗu da kwanson waje yana barin layi, wanda masana ke kira ɗinki. Ba a ganinsa sai kwanson ya ɓare, laka ko farar ƙasar da ta cika ɗakunan ta fito fili. A tsofaffin irin, waɗanda suka fara bayyana fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce, ɗinkin lanƙwasa ce mai sauƙi. A na tsakiya, gefe ɗaya na lanƙwasar yana da haƙora kamar zarto. A na baya kuwa layin ya yi rassa ya cakuɗe kamar zanen lalle a hannun amarya. Da wannan kaɗai gwani zai yi maka kirdadon zamanin dutse kafin ya buɗe littafi. Me ya sa bangon ya yi ta ƙara lanƙwasa? An daɗe ana cewa don kwanson ya jure nauyin ruwa ne, amma har yau masana na musu a kai, kuma ɗalibin da ya rubuta hakan a jarrabawa kamar magana yankakkiya ya yi gaggawa.

Akwai wani tarkon da ya fi na katantanwa. A dutsen Kalambaina kusa da Sakkwato ana tsintar naɗaɗɗun kwansuna masu ɗakuna, mutum ya yi murna ya ce ya samu. Ba shi ba ne. Dutsen Kalambaina ya kwanta ne bayan amonait sun ƙare, abin da ke cikinsa dangin notilus ne, wani ɗan teku mai irin wannan kwanso, wanda jikokinsa ke nan da rai a tekun Fasifik da na Indiya. A duba wuri biyu: ɗinkin notilus kusan miƙaƙƙe ne, bututunsa yana ratsa wajen tsakiyar bango, na amonait kuwa yawanci yana bin gefen waje. Duk da kamannin, amonait ya fi kusa da dabbar tekun nan mai hannuwa takwas da ke feso tawada.

Game da abincinsa, a 2011 an haska cikin bakin wani miƙaƙƙen iri mai suna Baculites aka ga ragowar ƙananan halittu masu yawo a ruwa. Girma kuwa ya bambanta ƙwarai. Wanda aka haƙo a Jamus a 1895 faɗinsa ya haura mita 1.7, kuma bai ma cika ba. A cikin iri ɗaya ma akan sami babba da ƙarami, ana ɗaukar babbar a matsayin mace, kuma an sha ba su suna biyu kafin a gane miji da mata ne. 'Ya'yansu kan ƙyanƙyashe da faɗin kamar milimita ɗaya, su yi ta yawo a saman ruwa. Da wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce, abincin saman teku ya rushe, ana jin abin da ya ci su ke nan. Ɗan notilus da ke fitowa daga ƙwai da faɗin wajen santimita uku, a ƙasa-ƙasan ruwa, ya sha.

Sauran aikin na hannu ne, kuma a nan ake yawan ɓarna. Kada a jiƙa shi a ruwan kal don ya yi tsabta, tsami yana cin farar ƙasa, ya cinye ɗinkin tare da dattin. Tsohon buroshin haƙori da allura sun isa, da haƙuri. In yana ƙyalli kamar zinare, ma'adinin farait ne ya maye kwanson. Zai zauna lafiya duk hunturu, amma raɓar watan Agusta na taɓa shi sai ya fara fitar da farin gari mai warin ƙibiritu ya ruguje. A sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. Kafin a ɗaga shi daga inda yake kwance, a rubuta wuri, da shimfiɗar da ya fito, da nisanta daga ƙasan ramin, a ɗauki hoto da abin awo a gefe. Irinsu na sauyawa da sauri, har wani bai kai shekara miliyan ɗaya ba ya gushe, don haka mita biyu a jikin ramin Ashaka kan iya raba iri da iri. A ba shi lamba, a rubuta ta a jikin dutsen da tawadar da ba ta gogewa, don takarda a aljihu takan ɓace tun kafin motar ta iso Katsina.