Taswirar Birnin Katsina a Bangon Falo

Taswirar da za ta ƙawata falo ba ta son cunkoso. A ɗauko ta birnin Katsina daga OpenStreetMap, shafin taswira na kyauta a intanet, a share ƙananan lunguna, a bar manyan tituna da sawun ganuwa da ƙofofi irin su Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi. A sa wa Hasumiyar Gobarau da gidan Sarki alama, sai kuma unguwarku. Kala uku sun isa. A duba font ɗin, wato salon haruffan, yana da ƙ da ɗ da ɓ, don da yawa suna mayar da su akwati.

Girman A2, santimita 42 da 59.4, yana buƙatar fiksel 4961 da 7016, wato fiksel 300 a kowane inci. Hoton da ya bi ta WhatsApp ya riga ya matse, rubutun zai fito dishi-dishi. A kai wa mai bugawa PDF a filashi. Kaurin takarda ya kai giram 200 a murabba'in mita, marar sheƙi.

Wurin firam aka fi yin ɓarna. Idan gilashi ya kwanta a kan takarda, laimar damina na sa su manne, tawada ta ɓare. A sa kwali mai kauri a kewaye, faɗin santimita 5, ya raba su. Kada a shafe bayan takardar da gam, za ta yi kumburi. A liƙe gefen sama kawai. Bayan firam kuma a rufe shi ruf da tef, saboda ƙurar hunturu da gara.

A rataya da ƙusa biyu, a bangon da rana ba ta bugunsa, don ja da rawaya kan yi saurin koɗewa.