Layin da ba ya ɓullewa

Idan ana maganar faɗaɗar birane, hankalin yawancin mutane yakan tafi ga yawan gidaje da nisan sababbin unguwanni, amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake shata tituna, wato ko layi yana ɓullewa zuwa wani layin, ko kuwa yana ƙarewa a gindin katanga.

A shekarar 2020, masu bincike biyu, Christopher Barrington-Leigh da Adam Millard-Ball, sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi a kan titunan duniya masu tsawon kusan kilomita miliyan 46, bisa OpenStreetMap, taswirar duniya ta intanet da 'yan sa-kai suke haɗawa. Sun gano cewa a mafi yawan ƙasashe, titunan da aka shimfiɗa tun daga 1975 ba su kai na dā haɗuwa da juna ba. Mararraba mai hanya huɗu tana raguwa, layukan da ba sa ɓullewa da rukunin gidaje masu katanga da ƙofa ɗaya suna ƙaruwa, musamman a kudu maso gabashin Asiya, yayin da birane irin su Buenos Aires suka riƙe tsarinsu na layuka masu ratsa juna. Amurka kuwa, wadda ta yayata salon layukan da ba sa ɓullewa tun daga unguwar Radburn da aka kafa a jihar New Jersey a 1929, ta kai ƙololuwarsa ne a tsakiyar shekarun 1990, sannan ta fara ja da baya kaɗan.

Ba na ganin laifin mai sayen gida a irin wannan wuri, domin shiru da tsaro abin so ne, kuma yara suna wasa a ƙofar gida ba tare da fargabar mota ba. Sai dai kowace unguwa da ta toshe kanta, ta tura wahalar ne ga sauran gari. Makarantar da ke bayan katanga, wadda yaro zai isa cikin minti biyar da ƙafa, sai ta zama tafiyar zagaye ta babban titi. Motar haya ba ta da hanyar ratsawa. Kowa ya koma neman abin hawa, kuma dukkansu su taru a titi ɗaya safe da yamma.

Abin da ya sa lamarin yake da nauyi a biranen da ke girma yanzu shi ne titi ya fi gini daɗewa. Bayan gobarar Landan ta 1666 an zana sababbin tsare-tsare, amma a ƙarshe aka sake gina birnin kusan a kan tsofaffin layukansa, saboda iyakokin filaye suna da masu su. Ana iya rushe gida a ɗora bene, amma fasa sabon layi a unguwar da ta cika yana bukatar biyan diyya da rusau da doguwar shari'a. Ranar awon filaye kuwa, barin hanyar ƙafa ko ta keke tsakanin fuloti biyu ba ya cin komai sai 'yan mitoci.