Notin birkin wata tsohuwar Fijo

Ina shekara ta biyu a gareji, a Kaduna, aka jawo mana wata Peugeot 504 doguwa da igiya a bayan a-kori-kura. Mai ita dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati. Ya ce tun zamanin Shagari ya saye ta sabuwa fil, haɗin masana'antar Fijo da ke Kakuri, nan Kaduna. Ta daɗe jibge a gindin mangwaro a gidansa, har kaji suna ƙwai a kujerar baya, sai yanzu ya ga dama a tashe ta. Injin bai wahalar da mu ba. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 kuma ta ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000, lokacin Turawa sun daɗe da sallamar ta. Saboda haka duk makaniken da ya yi furfura a garin nan ya san Fijo kamar yunwar cikinsa. Kwana biyu ta tashi.

Birki ne ya tsaya mana. Silindar ƙafar baya ta dama, wato ƙarfen da man birki ke shiga ya tura birki ya kama, tana yoyo, sai an canza ta, kuma ba a cire ta sai an kwance notin da ya riƙe bututun man birki a bayanta. Oga ya ce in cire taya in jira shi, zai leƙa kasuwar Panteka. Ni kuwa na ga noti ɗaya ne tak, me zan jira?

Wannan notin ba irin sauran ba ne. Bututun ƙarfe siriri, kaurinsa milimita 4.75, ya ratsa ta tsakiyarsa. An yi wa bakin bututun leɓe, notin ne yake danne leɓen a cikin silinda don kada mai ya samu hanya. Ke nan in ana kwancewa, notin ne kaɗai ya kamata ya juya, bututun yana nan tsaye. Tunda kuma bututu ya tokare, soket ba ya shiga, sufana mai zobe ma ba ta shiga. Sai na ɗauki sufana mai buɗaɗɗen baki lamba 11, na kafa, na ja da iya ƙarfina. Ta zame, na daki ƙarfe da bayan hannu, kusurwa biyu na notin suka lashe. A nan ya kamata in ajiye kaya. Maimakon haka na ɗauko filaya mai kullewa na damƙe shi, na sa gwiwa na danna.

Ya juya. Wallahi har murmushi na yi ni kaɗai a ƙarƙashin mota. Zagaye ɗaya, biyu, na ji abin yana tafiya da wani laushi wanda ba na zare ba. A na uku mai ya gangaro mini a hannun riga. Da na haska tocila, bututun ya murɗe kamar tsumman da aka matse, ya tsage a gindi.

Oga bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ke nan. Ya durƙusa ya duba, ya ce, "Lokacin da kake juyawa, ina kake kallo?"

Na ce, "Notin, Oga."

"To shi ne."

Sai daga baya ya buɗe mini maganar. Irin wannan notin wuri biyu yake kamawa. Akwai tsatsar da ke haɗa zarensa da silinda, akwai kuma wadda ke manne shi da bututun da ke cikinsa. Ta farkon ƙarfi yana iya karya ta. Ta biyun kuwa, ƙarfin ne yake kashe bututun, domin noti da bututu sun zama abu ɗaya, duk inda ka kai ɗaya ka kai ɗayan. Ni na ci nasara a kan ta farko, ban ma san da ta biyu ba.

Akwai abin da ya faru bayan nan wanda har yau ina jin kunyarsa. Wani yayanmu a garejin ya ja ni gefe ya ce in daina damuwa: a lanƙwasa guntun bututun, a daddake shi da guduma ya toshe, motar ta tafi da birkin ƙafa uku. Tsohon nan ina za shi, daga gida sai masallacin Juma'a? Ba zai taɓa sani ba. Ana yin haka a bakin titi, na sha gani. Kuma gaskiya zuciyata ta karkata, don ina lissafin kuɗin bututu da ranar da na ɓata. Ashe Oga yana jin mu. Ya ce, "Ranar da yaro ya gilma masa a guje ya taka da ƙarfi, motar ta fizge gefe ɗaya, ko daddakar taku ta fashe birki ya tafi ƙasa, kai za ka je ka yi wa iyayen bayani?" Babu wanda ya ƙara cewa uffan.

Hukuncina shi ne in kwance notin ƙafar hagu, wanda ya fi na dama tsatsa. Oga ya jawo benci ya zauna, ya ce ba zai taɓa ba, hannuna zai yi.

Da farko ya sa na danna fedar birki na tokare ta da sanda a jikin kujera. In feda tana ƙasa, ƙofar da mai ke sauka daga kofin man birki tana rufe, ko ka buɗe layi ba zai tsiyaye duka ba. Sannan buroshin waya. Na goge notin har ƙarfe ya fito, ya ce ban yi komai ba, in koma bayansa, daidai inda bututu ya shiga, nan ne lakar damina take taruwa ta bushe ta riƙe danshi. Na kankare wurin da tsinken waya, na fesa man sassauta tsatsa. Makanikai da yawa man birki suke zubawa a kan noti mai taurin kai, kuma yakan ɗan yi aiki, amma ni na daina: yana cin fenti, yana kuma jawo ruwa ya bar maka wata tsatsar a gaba. Na ɗauki ƙaramar guduma ina ɗan ƙwanƙwasa jikin silinda kusa da notin, kaɗan-kaɗan, don man ya samu tsaga ya bi. Na sake fesawa. Oga ya ce mu tafi sallah. Muka dawo na fesa, ya ce a bar shi ya kwana.

Washegari ya ciro wata sufana daga akwatinsa da yake kullewa. Zobe ce mai kusurwa shida, an tsaga mata baki daidai yadda bututu zai wuce, sai ta rungume notin kusan ta ko'ina, ba gefe biyu kawai ba. Ya ba ni alli ya ce in ja layi a jikin bututun. "Allin za ka kalla. In ya motsa, tsaya." Ya kuma ce in fara da ɗaurewa, ɗan ƙanƙani, kamar kaurin farce. Na ji ƙas. Na dawo baya kaɗan, allin ya bi ni. Na tsaya, na mayar, na fesa mai, na sake. Gaba kaɗan, baya kaɗan, ina jin garin tsatsa yana zubo mini a fuska. Na fi rabin awa a haka kafin notin ya fara tafiya shi kaɗai, layin allin yana nan inda na ja shi.

Na tambaye shi me ya hana mu kira mai walda tun jiya ya gasa shi da wutar gas, mu huta. Ya nuna mini tiyon roba da ke kusa, ya nuna tankin fetur, ya ce man birki ma kansa yana kama wuta. Zafi yana aiki, amma ɗan kaɗan, a jikin silindar da za a yar, bayan an buɗe ɗan notin da ake fitar da iska ta cikinsa. In kuma ka riga ka yanke shawarar canza bututu, kada ka wahalar da kanka: datse shi a gindin noti, ka sa soket mai kusurwa shida.

Man da ya fito daga layin baƙi ne kamar shayin da ya kwana. Man birki irin DOT 3 yana shan danshin iska. Sabo sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa wajen 140, ruwan kuma yana cin silinda da bututu ta ciki. Motar da ke ajiye ma ba ta tsira ba. A Turai gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke cinye bututun ta waje, abin da ya sa Volvo ta koma bututun jan ƙarfe da aka gauraya da nikel tun 1976, kuma shi ya sa nake fara leƙa ƙarƙashin duk motar Beljiyam kafin in yaba fentinta.

Mu na ƙarfe muka samu, daga wata 504 da aka yanka. Oga ya ƙi na farko da aka kawo, ya ce leɓensa na motar Japan ne, ba zai zauna a mazaunin Fijo ba ko an ɗaure shi har noti ya fashe. Sabon notin da yatsu ya sa na fara ɗaura shi, zagaye huɗu, kafin sufana ta taɓa shi. Muka fitar da iska, ni a ƙasa, ƙaramin yaronmu a kan feda: "Taka! Riƙe! Saki!" har mai ya fito garau babu kumfa.

Da Alhaji ya zo ɗaukar mota ya ga bututu a cikin lissafi, ya tambaya. Oga ya ce, "Wannan ba naka ba ne, Baba, yarona ne ya karya." Ya soke shi da biro. Sati uku ana cire mini daga kuɗin abinci.